CBT, Salon Rogers, Tonon Baya Ko Dafa-duka: Wanne Zaka Nema In Damuwa Ta Yi Maka Yawa?

Tun da autanmu ya fara zuwa wajen wata masaniyar halayyar ɗan Adam bara, na zama kamar teburin tambaya a dangi. Yau wannan ta kira, "Anti wai ina ne wajen nan da kuka kai auta?", gobe wancan ya turo saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp yana ta kewaye-kewaye wai abokinsa ne ba ya barci, alhali ni da shi duk mun san waye abokin. Kowa "ina ne" yake tambaya, babu mai tambayar "wane iri ne", kuma wallahi ta biyun ta fi muhimmanci, don maganin da ake yi da zance ba kala ɗaya bane. Zaka iya biyan kuɗinka ka zauna wata uku gaban mutumin kirki wanda ya san aikinsa, amma salon da ya iya ba shi ne na ciwonka ba.

Bari in fara raba mutanen tukuna don ana cakuɗa su sosai. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan ɓangaren, shi ke rubuta magani, irinsu ake gani a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ba ya rubuta ƙwaya, aikinsa gwaji da zaman magana. Sai mai ba da shawara, wanda ɗalibai ke kira kansila, ba kansilan mazaɓa ba don Allah, irin waɗanda suka karanci jagoranci da ba da shawara a sashen ilimi na jami'a ko kwalejin ilimi. In mutum yana jin muryoyin da babu mai jinsu, ko ya kwana huɗu biyar ba barci yana ta surutu da rabon kuɗi, ko yana maganar ya gaji da rayuwa zai kashe kansa, ko ya yi nisa a kodin da tiramadol, ko mai jego ce ta fara sambatu tana ƙin jaririnta, toh wannan ba lokacin zaɓen salon zance bane, likita za a fara gani, yau ba gobe ba. Ko bugun zuciya da faɗuwar gaba ma gara a fara auna jini da hawan jini da ƙwayar maƙoƙo, don wani lokacin jiki ne ke kawo abin. Bayanin nan nawa na wanda ya wuce wannan matakin ne, ko wanda yake shan magani kuma yana son ya haɗa da zaman magana.

Na fara da CBT, wato salon gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar zance, don shi na gani da idona. Auta waswasi ne ya kama shi, na alwala. Yaron da zai shiga banɗakin tsakar gida da buta tun kiran sallar farko na Azahar, a tada sallah a masallacin layi a idar yana nan yana wanke hannu, ya zo ƙafa sai zuciyarsa ta ce masa anya ka shafi kai? ya koma farko. Buta uku huɗu. Fatar hannunsa har ta fara tsagewa lokacin hunturu. Hajiya ta yi faɗa ta gaji, an yi masa addu'a, an yi masa nasiha, shi kansa ya san abin ba daidai bane amma ya kasa bari, kuma abin da mutane basa ganewa ke nan, sanin ba shi ne matsalar ba.

Shi CBT tushensa shi ne tunani da ji da aiki a ɗaure suke da juna, ka gyara ɗaya sauran su motsa. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Aaron Beck, na Jami'ar Pennsylvania ne ya gina shi a shekarun 1960, kuma abin dariyar shi ne shi Beck ɗin salon Freud na tonon baya, wanda zan zo kansa a gaba, ya fara koya, yana cikin aiki da masu ciwon damuwa ya lura akwai wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu ba sallama, irin "ni ban da amfani", "komai na taɓa sai ya lalace", kuma suna karɓarsu kamar wahayi ba sa bincikawa. Kafin shi ma Albert Ellis ya fara wani abu mai kama da haka a 1955. Don haka a CBT ba a cika tambayarka me ya faru kana ɗan shekara shida ba, ana tambayarka me ya faru jiya da La'asar, me ka ce wa kanka a lokacin, me ka ji a jikinka, sannan me ka yi.

Masaniyar nan da ke duba auta littafi ta sa shi ya saya, irin na 'yan firamare mai shafi arba'in, ta ja masa layi huɗu da biro. Na taɓa leƙawa da izininsa. Layin farko ya rubuta "alwalar Magariba", na biyu "in ban sake ba sallata bata karɓu ba", na uku ya sa wa tsoron maki, 90 cikin 100, na huɗu "na sake sau biyar". Daga baya ta zo da aikin da ya fi wuya, ta ce zai yi alwala sau ɗaya tak, ya ajiye butar, ya fito, zuciyarsa ta yi ta ihu amma kar ya koma, ya zauna da tsoron nan ya duba agogo ya ga minti nawa zai ɗauka kafin ya fara sauka da kansa. Satin farko gumi yake haɗawa kamar wanda ya yi gudu daga Ƙofar Mata zuwa Sabon Gari, ya ce min "Yaya wannan matar bata da tausayi." Amma makin nan ya dinga sauka, 90 ya koma 70, ya koma 40.

Abin da aka fi sanin CBT da shi ke nan: waswasi, fargaba mai zuwa farat ɗaya da sarƙewar numfashi, tsoron wani abu takamaimai kamar wanda ya yi haɗari a adaidaita sahu ya kasa sake shiga, rashin barci, da ciwon damuwa. Shi ne aka fi yi wa bincike, shi ya sa da Ingila ta buɗe shirinta na maganin zance kyauta a 2008 shi ta fi dogara da shi. Kuma yana da iyaka, galibi zama shida zuwa ashirin ne, sau ɗaya a sati, ka san ranar farawa ka san kusan ranar gamawa, wanda ga mai lissafin kuɗin mota da na zama ba ƙaramin abu bane. Aibinsa kuma, aikin gida ne da shi kamar makarantar boko. In kai mutum ne da ba zaka rubuta komai ba tsakanin zama da zama, ko karatu da rubutu na ba ka wahala kuma mai yi maka bai iya juya abin ya koma na baka ba, asara zaka yi. Sannan wanda zuciyarsa ta cika fal yana neman inda zai juye, ka miƙa masa takarda mai layi huɗu, zai ji kamar ka raina masa hankali.

Irin wannan mutumin salon Carl Rogers ya fi dacewa da shi. Ina da ƙawa da aurenta na shekara goma sha ɗaya ya mutu, ta dawo gida da yara uku, kuma duk wanda ya shigo gaishe ta da kalma ɗaya yake zuwa, ki yi haƙuri. Goggo ta ce ki yi haƙuri, maƙociya ta ce ai ba kanki farau ba, yayanta ya ce da kin ji maganata. Babu wanda ya zauna ya ce mata ya kike ji, ya yi shiru ya jira amsa. Mu nan mun iya nasiha, Allah Ya sani, amma sauraro ya yi mana ƙaranci, kafin ka kai aya an riga an yanke maka hukunci an kawo maka labarin wata da nata ya fi naka muni.

Rogers shi ma Ba'amurke ne, ya fitar da salonsa a shekarun 1940 zuwa 1950, kuma ra'ayinsa in ka matse shi karin maganarmu ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce mai sauraro ba alƙali bane ba malami bane, abubuwa uku ake nema daga gare shi: ya shiga cikin halin da kake ciki ya gani da idonka, ya karɓe ka ba tare da sharaɗi ba ko me ka faɗa, kuma ya zama na gaskiya ba mai fuska biyu ba. Har kalmar majinyaci ya daina amfani da ita. A irin wannan zaman kai ke jan ragama, shi yana maido maka da abin da ka faɗa a tace har ka ji da kunnenka. Ƙawata ta ce ranar da ta furta cewa ita fa wani sashe na zuciyarta daɗin sakin ya ji, ta jira matar ta zaro ido ko ta ja salati, sai ta ji ta ce mata a hankali, "kin ji kamar an sauke miki kaya, kuma kina jin kunyar jin hakan." Ta ce nan ta fashe da kukan da ta riƙe wata biyar.

Amma fa in gaya muku gaskiya, da auta aka kai wa wannan salon da har yanzu yana banɗaki da buta. Waswasi ba ya jin lallashi. Kuma da yawan mutanenmu in suka biya kuɗi so suke a ce musu yi kaza bar kaza, in aka yi zama uku ana ta "toh ya kake gani?" sai su ce wannan bai san komai ba. Don haka ga mai makoki, mai zawarcin da bai shirya masa ba, wanda ya tsaya a mararraba ya rasa ina zai bi, wanda bai taɓa samun mai jinsa ba, eh. Ga mai ciwo mai suna da alamomi a fili, shi kaɗai ba lallai ya isa ba.

Na ukun shi ne wanda nake kira tonon baya, wanda ya samo asali daga Sigmund Freud na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya tun ƙarshen shekarun 1890. Su ra'ayinsu ruwa ba ya tsami banza, abin da kake yi yau wanda kai kanka baka san dalili ba yana da saiwa a abin da ka binne tun ƙuruciya. A zamanin Freud mutum kwanciya yake a doguwar kujera yana faɗin duk abin da ya zo bakinsa, sau biyar ko shida a sati, shekara da shekaru. Yanzu an rage, akwai na zama ɗaya a sati fuska da fuska na 'yan watanni. Wani abu da suke kula da shi sosai shi ne yadda kake ɗora wa mai sauraron naka fuskar wani daga rayuwarka ta baya, misali mutumin da ya tashi hannun uba mai tsawa, ka ga yana rawar jiki yana neman ya burge mai ba shi shawara kamar zai dake shi, sai a kamo wannan a cikin ɗakin a duba shi tare.

Mu da muke da riƙo, da tashi hannun kishiyar uwa, da ɗan fari da uwarsa bata kiran sunansa bata wasa da shi a gaban mutane, da yaron da aka kai almajiranci yana ɗan shekara bakwai, kar wani ya ce min babu abin tonowa. Matar da ta yi aure uku kuma duk ukun rigimar iri ɗaya ce, ko mutumin da duk maigidan da ya samu a kasuwa sai sun rabu dutse a hannun riga, littafin layi huɗu zai iya rage musu zafi amma abin ya sake dawowa ta wata ƙofar. Sai dai salon nan yana cin lokaci yana cin kuɗi, masu horo na gaske a kansa ba su da yawa, kuma sai ka shirya faɗin abin da tarbiyyarmu ta ce ba a faɗa game da iyaye. Ga kuma Freud ɗin kansa da ya ɗauki addini a matsayin ruɗu, wanda shi ya sa masanin nan ɗan Sudan, Malik Badri, ya yi ta jan kunnen masana Musulmi tun 1979 kan kar su haɗiye ra'ayoyinsa ba tauna. Ba dole mai yin salon yau ya yarda da duk abin da Freud ya ce ba, da yawansu sun bar shi a baya, amma ka tambaya.

Akwai wasu ƙanana da zan wuce da sauri. Akwai wanda ke duba dangantakarka da mutane kawai, rashi, rikici da miji ko uwar miji, ko canjin matsayi kamar haihuwar fari ko ritaya, ana yinsa kamar sati goma sha biyu zuwa sha shida, kuma ni a ganina ya dace da mu sosai don yawancin damuwarmu a tsakar gida take. Akwai kuma EMDR, salon da ake haɗa tuna abin da ya faru da motsa ido, na waɗanda suka ga tashin hankali abin yana dawo musu a mafarki da farke, kamar wanda aka taɓa garkuwa da shi, wannan kam sai wanda ya samu horonsa na musamman, kar ka yarda da wanda ya koya a YouTube.

Toh sai mai haɗawa, wanda in ka tambaye shi wane salo kake yi zai ce maka ni ina haɗa su ne gwargwadon mutum. Tunanin ba sabo bane. Tun 1936 wani masani, Saul Rosenzweig, ya lura salo daban-daban duk suna samun nasara, ya ce lallai akwai abin da suka yi tarayya a kai, kuma binciken da ya biyo baya ya yi ta nuna cewa alaƙar da ke tsakaninka da mai sauraronka, yarda, da ku daidaita kan ina aka nufa da yadda za a je, tana cikin abubuwan da suka fi nuna ko za a dace. Wani masanin kuma, Arnold Lazarus, ya ce ka ɗauki dabarar da aka tabbatar tana aiki ko daga wace makaranta ta fito. A aikace yana nufin zai iya fara maka da sauraro irin na Rogers har ka saki jiki, in ya ga rashin barci da fargaba sun hana ka sakat ya ɗauko kayan CBT, in aka yi nisa aka ga wani tsohon miki ne ke ruruta abin a juya a duba shi.

Daga baya na gane matar da ta duba auta ma haka take yi. Zama biyu na farko bata ba shi aikin komai ba, sauraro kawai. Kuma da ya kafe cewa shi tsoron Allah ne ke sa shi maimaitawa, bata yi musu da shi ba, ta ce ya je ya tambayi malaminsa na Islamiyya me Risala ta ce game da wanda shakka ta yi masa yawa. Ya je, malam ya buɗe masa wajen, cewa wanda shakka ta aure shi a sallah ya yi watsi da ita, sai dai ya yi sujadar ba'adi bayan sallama, ya ƙara masa da ƙa'idar nan ta malaman fiƙihu cewa yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Kun ga abin da take so ya yi da abin da littafin da ake karantawa a zaurukan Kano ya ce ashe hanya ɗaya ce, daga ranar ya daina ganin ajiye butar a matsayin sakaci da addini. Ba ta zama malama ba, ba ta yi masa fatawa ba, ta dai san ina zata tura shi. Kuma irin wannan haɗin yana da tarihi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai inda ya raba baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗowa ba dalili, ya yi magana kan waswasi, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu kyau lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida don ɓacin rana. Mu nan Najeriya ma Farfesa Thomas Adeoye Lambo a Aro ta Abeokuta ya fara tsari a 1954 inda majinyata ke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da danginsu, yana aiki har da masu maganin gargajiya.

Sai dai a nan ne zan ja kunne, don kalmar "ina haɗawa" ta zama mafakar wanda bai iya ko ɗaya ba. Dafa-duka daban, haɗin gambiza daban. Mai dafa-duka ta san me zata fara sawa a tukunya da me zai biyo baya. Kafin mu dace da wannan matar mun je wajen wani, ba zan faɗi wajen ba, zama na farko ya sa auta numfashi, na biyu ya tambaye shi mafarkinsa, na uku ya yi masa wa'azi na minti arba'in, na huɗu ya ce ya rubuta wa tsoronsa wasiƙa. Da na ce masa "Malam don Allah ina muka dosa?" sai ya ce ai shi kowane salo yana taɓawa. Kuɗin zama huɗu suka tafi, buta na nan yadda take. Mai haɗawa na gaske yana da gindi ɗaya da ya ƙware a kai, sauran ƙari ne, kuma in ka tambaye shi me ya sa yau muka canza zai ba ka amsa da Hausar da zaka gane.

In ni ce zan zaɓar wa wani nawa yau, ga yadda zan yi. In ciwon yana da suna kuma ina iya nuna shi da yatsa, waswasi, fargaba, tsoro, rashin barci, kuma kuɗina ƙididdigagge ne, CBT zan nema kai tsaye, kuma zan tambaya ko ya taɓa yi wa mai irin wannan matsalar, don mai haɗawar da bai iya sa mutum ya fuskanci tsoronsa ba ba zai yi wa mai waswasi amfani ba komai daɗin bakinsa. In rashi ne ko mutuwar aure ko kaɗaici, mai sauraro nake so. In abu ɗaya ne ke ta maimaita kansa shekara da shekaru kuma ina da hali da juriya, tonon baya. In kuma abin a cakuɗe yake, wanda gaskiya yawancinmu haka muke zuwa, ga damuwa ga rigimar gida ga bashi ga tsohon ciwo, toh ƙwararren mai haɗawa ya fi, da sharaɗin ya ci jarrabawar tambayoyina.

Tambayoyin kuwa a zaman farko ake yinsu, ba rashin kunya bane, kuɗinka ne da sirrinka. Me ka karanta kuma a ina? Wane salo ka fi ƙwarewa a kai? Kamar zama nawa kake hasashe, kuma yaushe zamu tsaya mu duba ko ana ci gaba? Wa zai ji abin da na faɗa, in mijina ko babana ya kira ka me zaka ce masa? Wannan ta ƙarshen kar a manta da ita, Kano da girmanta ƙarama ce, zaka iya tarar da mai sauraronka a ɗaurin auren ɗan ƙanin babanka. Mace in ta fi sakewa da mace ta faɗa tun farko, haka in Hausa kake so a yi zalla, don akwai abin da in ka faɗe shi da Turanci ba ya fitowa daga inda yake maka ciwo. In an yi zama huɗu ko biyar kana fitowa kana jin an raina ka ko ba a fahimce ka ba, ka faɗa masa, in bai gyara ba ka canza.

Auta zama goma sha huɗu ya yi. Littafin na nan a ƙarƙashin katifarsa, ya ce wani lokacin in jarrabawa ta matso abin yana ɗan leƙowa sai ya ɗauko ya ja layinsa huɗu da kansa. Jiya da Magariba ina tsakar gida ina tsince shinkafa ya fito da buta, kafin in gama faranti ɗaya har ya sa takalmi, Hajiya ta bi shi da ido har ƙofa, sannan ta ɗaga butar ta girgiza ta ji da sauran ruwa a ciki.